Duwatsun da na wanke da kanwa

Gure, kwana huɗu bayan Mauludi, 1976

Zuwa ga ɗana Boyi, a Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar da ba ta yankewa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, jikinka da ƙarfi, cikinka da abinci, kana riƙe da sallarka. Allah ya tsare ka daga sanyin ƙasar da kake ciki, ya tsare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, amin. Mu a nan sai godiya. An yi Mauludi lafiya. Ƙanwarka Zaliha ta sauka watan jiya, an samu mace, an sa mata Shafa'atu, ta ɗauko goshinka da irin kukanka. Jar saniyar nan da ta rage mana bayan fari ita ma ta haihu, yanzu muna ganin nono da safe. Dabinon kwari ya yi fure sosai bana, amma rairayi ya sake cinye mana gefen garka, lambunmu na gabas, har ya kai bakin rijiya.

Babanka yana ci, yana sha, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ido ne dai. Na hagu ya rufe tun bara, kamar yadda na rubuta maka. Na dama kuma yanzu sai ya karkata kai kafin ya gane wanda ya yi masa sallama. Umara ɗan Kellu, wanda kuka yi makarantar lakwal tare, shi ne manjo, babban ma'aikacin jinya, a gidan likita yanzu. Ya haska masa ido ya duba, ya yi masa wasa har ya sa shi dariya, sannan ya biyo ni waje ya ce ba yana ba ce irin wadda ake cirewa a Damagaram, jijiya ce take mutuwa a hankali. Ya ce mini, in akwai wanda tsoho yake son gani, a kira shi kafin shekara ta zagayo. Ka riƙe wannan a ranka kana karanta sauran.

Takardarka ta iso ran Litinin. Na karanta ta sau huɗu da yatsa a kan kowane baƙi, domin ka san karatuna na tsufa ne, na ajin yaƙi da jahilci, rubutunka kuma sai ƙanƙancewa yake yi tun da ka zama babban mutum. Shafi uku ka cika, amma gaisuwarka ba ta kai layi biyar ba. Sauran duk tambayoyi ne irin na jandarma. Wai ko na buɗe ƙullin duwatsunka, wai da me na wanke su, wai ko na ƙara wasu a ciki. To, zauna ka ji. Ban taɓa ɓoye aikin hannuna ba, ba kuma a kan dutse zan fara ba.

Ka tuna daminar da ka zo hutun bakans, yau shekara biyu ba kaɗan. Kwana arba'in aka ba ka, tara ka kwana a gidan nan, na ƙirga. Sauran ka ɗora babanka a kan raƙumi ya yi maka jagora, kuna yawo tun daga bayan Gamu har inda ban san sunansa ba, kana rataye da guduma kamar maƙerin da aka kora daga maƙera. Kuka dawo da ƙulli talatin da bakwai. Ka tura su ƙarƙashin gadona, ka ce Ɗan Talata mai kamyo, babbar motar kaya, zai zo ya kai su Damagaram, daga can a aika maka. Da za ka tafi ka ce mini, Inna, ki kula da su. Kalmar bakinka ke nan. Ba ka ce kada in taɓa ba, ba ka ce komai game da jan fentin da ka shafa musu ba. Ka ɗauka tsohuwa ba ta cancanci bayani ba.

Ɗan Talata ya yi sati uku bai zo ba, gara ta shiga tsummokaran da ka ƙulle su da su, sai na kwance. Ga abin da na gani. Baƙaƙe, wasu kore-kore kamar naman da ya kwana biyu, da ƙasa a jikinsu, da kashin tsuntsu, an yi musu zane da ja kamar tumakin da za a kai kasuwa. Na ce wannan ne za a buɗe gaban Anasara a ce daga gidan uwarsa Dija ya fito? Kai ka san gidan da ka tashi. Ko ɗankwali ne zai bar gidan nan zuwa hannun baƙo, sai an wanke shi, an turara, an naɗe. Uwata ba ta taɓa aika ƙwarya gidan maƙwabta ba tare da ta goge bayanta ba. Balle kayan ɗana da za su ƙetare teku su shiga hannun malaminsa.

Sai na fara da tsincewa. Goma sha ɗaya da suka fi muni, masu marmashewa a hannu, na watsa su bayan turken awaki. Sauran na zuba su duka a babbar tukunyar biki, na jiƙa su kwana uku a ruwan kanwa, farar kanwa ta Gidigir, ba ta banza ba, sannan na tafasa su. Ni da Zaliha muka dirje su da soso har jan fentin nan ya fita tas, fatar yatsuna ta tafi tare da shi. Muka shanya a tabarma, muka jera manya da manya, ƙanana da ƙanana. Don kada lissafinka ya ragu, na hau dutsen bayan gari da gwiwoyin nan nawa, na zaɓo maka goma sha ɗaya jajaye masu ɗigo-ɗigo, masu ƙyalli in rana ta buge su, irin waɗanda mutum zai ajiye a ɗaki bai ji kunya ba. Na kife su duka da kwando a kan kasko, kwana biyu ina turara su da turaren da na haɗa da hannuna, wanda ko ranar suna ba na fito da shi sai ga babbar baƙuwa. Na ɗinka musu jaka uku na sabon akoko. Da Ɗan Talata ya ɗauka, ya ce shekararsa ashirin a kan hanya bai taɓa ɗaukar kaya mai ƙamshi haka ba, ya tambaye ni ko Boyi Baturiya ya samu muke aika kayan lefe a ɓoye, ya ce amma wannan amarya sai ta yi ƙarfin wuya.

Yanzu kai kuma ka rubuto mini cewa wata bakwai ka yi kana aiki a kansu, duk abin da injinku ya faɗa shirme ne, har ka fara zaton kanka ne ya taɓu. Ban manta bayanin da ka yi mini ba ranar da nake dama kunu. Ka nuna yanar da ta kwanta a saman ƙwarya ka ce ita ce ƙasar da muke takawa, a ƙarƙashinta akwai wani kauri mai zafi da yake juyawa a hankali har yau. Ka ce farkon duniya ya fi haka zafi, wani sashe nasa ya narke ya ɓullo waje ya daskare, shi ne baƙaƙen duwatsun nan, kuma kowane ɗaya yana riƙe da ɗan gishiri-gishirin wancan zamani. Ku kuma sai ku niƙe shi ya fi kwalli laushi, ku narkar da shi a wani ruwa mai cin yatsa, ku zuba a inji mai girman ɗaki, shi kuma ya gaya muku yadda cikin duniya yake tun tana jaririya da yadda ya sauya. Na saurare ka har ƙarshe, sannan na ce to, in an sani sai a yi me? Ka yi dariya ka sha kununka. Har yau ina jiran amsar.

Amma bari in tambaye ka, tun da kai ne mai ilmi. Injin da yake ba da labarin shekara miliyon dubu, yaya aka yi ya kwashe wata bakwai bai gano abin da ya faru a tsakar gidana ran wata Alhamis ba? Da ka tambayi Zaliha, da kafin ruwa ya tafasa ta gama gaya maka. Shi kuma malamin naka mai furfura, da ka ce ya kai dutse hancinsa ya shinshina ya tambaye ka ko duk duwatsun Nijar haka suke ƙamshi, har ɗakin ya fashe da dariya, ka gaya masa a'a, na gidan da yake da uwa ne kawai. Mutum ya tsufa yana shinshinar dutse, ana kiransa malami. Jajayen da na wahala na ɗebo kuwa ka ce jarirai ne, wai shekararsu miliyon ɗari uku kacal, ba su da amfani a wurinka. Kakan kakanka a nan ya tarar da dutsen nan, a nan ya bar shi, kai kuma ka je Faransa ka koyo raina shi. Kanwa ma ka ce ta shiga tsagar duwatsun ta rikita gishirin da kuke aunawa. Kanwar da raƙumi yake sha ya miƙe, wadda mai jego take sha ta samu nono, ita ce ta kayar da karatunku. Ni ban taɓa jin aikin da tsabta take ɓatawa ba sai naku.

Ka san abin da nake sha a bakin mata? Ranar sunan Shafa'atu, ana cikin raba goro, Kellu ta ɗaga murya ta ce ta ji wai Boyi dakan dutse yake yi a Faransa, ko can babu matan da za su karɓar masa taɓarya ne. Tsakar gida ta ɗauki shewa. Ita tana da bakin magana, ɗanta ne yake duba idon mijina. Maƙwabciyarmu Rakiya ma tana da shi, ɗanta yana cikin masu gina rijiyoyin gwamnati, a Gamu ya sauka gaba arba'in ya fito da ruwa, har yau mata suna sa masa albarka in sun jefa guga. Ni sai na ce aikin ƙarƙashin ƙasa kake karanta. Suka ɗauka irin ƙarfen nan ne da ake haƙa a Arlit, suka fara yi mini barka, na bar su a haka. Shekarar da shanunmu suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa a ƙasar nan tambaya guda yake yi wa cikin ƙasa, ina ruwa. Kai kaɗai ne ka wuce ruwan, ka wuce inda igiya take kaiwa, ka tafi tambayar abin da ba mai ƙishin da ya taɓa tambaya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai tun ran Litinin shi ne layi biyun da ka maƙala a ƙasan shafi na uku, da ƙananan baƙaƙe, kamar kana fatan idona ba zai kai ba. Wai saboda abin da ya faru ba za ka dawo bayan damina ba kamar yadda ka yi alkawari. Wai malamin naka ya samo maka wuri cikin masu zuwa wata ƙasar ƙanƙara can arewa, inda duwatsun da suka fi tsufa a duniya suke, ka faro aiki daga farko, shekara biyu kuma. Na tambayi mushe, malamin da yake koya mana karatu, ban ce kai ne ba, ya ce a irin ƙasashen nan akwai watannin da rana ba ta faɗuwa sam. To yaushe za ka yi magariba, yaushe za ka sha ruwa in azumi ya same ka? Kai da sanyin Gure ma yake sa ka tari har sai na dafa maka citta. Ƴaƴa huɗu na binne kafin in same ka, Boyi. Ban raine ka da hannu biyu don wani tsoho mai shinshinar dutse ya kai ka inda ko kabari ba ya haƙuwa ba.

In hannuna ne ya jawo maka asarar wata bakwai, Allah ya ga zuciyata, mutuncinka na nufa. Ba zan ba dutse haƙuri ba, ba zan ba malaminka ba. Kai kuwa, in kana ganin na cuce ka, ka zo ka tsaya a gabana ka faɗa, zan sunkuyar da kai in ji.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba. Ka ce dutsen da ya rasa lambarsa ya zama banza, domin ba a san inda aka faso shi ba. Jiya da hantsi na zagaya bayan turken awaki na tona. Goma sha ɗayan nan da na zubar suna nan. Ba su ga kanwa ba, ba su ga turare ba, ƙazantarsu tana nan cif yadda kuke so, awaki ma sun ƙara musu tasu. Tara daga ciki jan fentin bai goge ba, kuma yanzu na iya karanta shi. Ga su don kada ka ce tsohuwa tana yi maka wayo: 3, 8, 9, 14, 21, 22, 26, 30, 35. Na 14 shi ne mai kore sosai, wanda na tuna ka riƙe shi kana murmushi irin wanda ba ka yi wa ƙanwarka ba ranar da ka sauka. Na kwashe su na zuba a tsohuwar randa na rufe. Ba zan ba Ɗan Talata ba, ba zan kai gidan waya ba, ko gwamna ka aiko ba zan ba shi ba. Mai su ya zo ya ɗauka. Sauran ashirin da shidan da na lalata kuwa, uwayensu suna nan inda ka faso su, ba inda za su. Abin da ya zauna shekara miliyon dubu ba zai gaji da zama bana ba. Babanka ba shi da lamba ba shi da takarda, amma duk inda ka buga gudumar nan yana kansa, zai kai ka ɗaya bayan ɗaya, muddin yana iya bambanta tudu da kwari. Ka gaya wa malaminka haka. In ilmin nasa yana da hankali ko kaɗan, zai gane cewa hanyar Gure ta fi ta ƙanƙara kusa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Ka san duk takardar da ta zo, bayan la'asar babanka yakan zauna a bakin zaure in karanta masa. Ran Litinin ya ji Zaliha tana cewa an kawo takardar Faransa, ya shimfiɗa buzunsa tun kafin in gama alwala. Na karanta masa gaisuwarka yadda take. Maganar kanwa na tsallake, domin bai san na taɓa duwatsun ba. Da na iso layi biyun nan na ƙarshe, na ɗora yatsa a kansu, na ɗaga kai na ga ya karkato da idon nan guda yana jira. Sai na ji bakina yana karanta cewa Boyi yana nan tafe bayan an cire amfanin gona, kafin sanyi ya shiga. Ya ce in maimaita. Na mayar da yatsa farkon layin na maimaita, ban sauya ko kalma ɗaya ba.

Kafin isha'i duk masallaci sun ji. Ya sa an ware ɗan ragon nan mai baƙin kunne, ya ce kada a sake shi kiwo, a riƙa ba shi dusa. Tun daga ranar kuma ya ɗauko wata ɗabi'a. In rana ta ɗaga sai ya ja rawani ya rufe idon, ya zauna cikin duhu har la'asar, masallaci ma da sanda yake lalubawa. Umara ya ce masa hakan ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Ya ce wa Umara, yaro, kai ka san allura, ni na san tafiyar rani, wanda ruwan salkarsa ya yi ƙasa ba ya sha sai inda ya dace. Tattalin ganin yake yi, ajiye maka yake yi.

Ina da shekara hamsin na zauna a benci ina haɗa baƙi da wasali, ƴan mata suna leƙe ta taga suna dariya, don kawai kada wani ya tsaya tsakanina da maganarka ya rage ko ya ƙara. Ga shi ni ce na fara. Na yi istigfari, ina kan yi. Amma ka sani, in ka zaɓi ƙanƙarar, kada ka rubuto mini. Ka aika wa Umara takardar da sunansa a baya, shi ya zo ya zauna a bakin zaure ya karanta wa babanka. Bakina ba zai iya ba.

Zaliha tana gaishe ka, ita da maigidanta Umaru, ta ce har yau farcenta bai manta da duwatsunka ba. Gwaggonka Nene tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa mai a ƙirji. Kawunka Gado na Gidigir ya zo suna, ya bar maka gaisuwa. Kellu ma ta ce a gaishe ka, na rubuta ne don kada in ci amanar saƙo. Ka gaida duk wani ɗan Nijar da yake kusa da kai, wanda kuke cin abinci tare.

Babanka ya sa na karanta masa abin da na rubuta, na karanta masa labarin jaririya da saniya da dabino. Ya ce in ƙara maka saƙo biyu daga bakinsa. Ya ce ka aske gemun nan da ka zo da shi wancan karo, fuskar yake son gani. Ya ce kuma in kamyo ya iso da ku da yamma, ka kwana a Gidigir wurin kawunka, ka shigo gari da hantsi, domin lokacin ne idon ya fi gani.

Allah ya yi maka albarka, ya karkato da zuciyarka gida.

Ni ce mahaifiyarka,
Dija, da hannuna na rubuta.